Yadda Na Koyi Rera Waƙata a Zauren Wani Tsohon Ɗan Amshi

Ni malamin Hausa ne a wata makarantar sakandare da ke Kano, kuma na haura shekara goma sha biyar ina rubuta waƙa. Ina koya wa ɗalibai bambancin ƙwar biyu da ƙwar biyar, da amsa-amon ciki da na waje, da yadda ake yanka baiti a gane karin da aka ɗora shi a kai, ko Kamil ne ko Ramal ko Mutadarak. Duk da haka, sai a watan Yuli na 2022 abin da na daɗe ina faɗa a aji ya tabbata a kaina, wato rubutacciyar waƙar Hausa ba don ido aka yi ta ba, don a rera ta aka yi. A bikin yaye ɗaliban wannan shekara aka nemi in rera wata waƙa mai baiti talatin da na rubuta kan neman ilimi. Na karɓi makirufo da zumuɗi, na ɗauko ta tun daga can sama, kuma kafin in kai baiti na tara murya ta fara rawa, a na goma sha biyu ta shaƙe sarai. Ragowar baitocin karanta su na yi kamar mai karanta sanarwa, iyayen yara suka yi mini tafin tausayi, na koma kujerata ina sharce gumi.

A garinmu ba a saba ganin allo a bakin shago an rubuta cewa ana koyar da murya ba. Wanda zai zama mawaƙi, ko dai ya gaji abin a gida, ko ya bi wani mawaƙi yana ɗaukar masa kaya har a ba shi amshi, ko ya shiga cikin masu bege da mandiri, ko kuma a wannan zamani ya yi ta zarya a sitidiyo har wani ya lura da shi. Ni kuwa na ba arba'in baya, ga iyali ga aikin gwamnati, babu ɗaya daga cikin waɗannan hanyoyi da ta dace da ni. Wani abokin aikina ne ya ba ni labarin wani dattijo a cikin gari, ta wajen Dala, wanda ya yi shekaru masu yawa yana yi wa wani makaɗin kalangu amshi. Bayan rasuwar ubangidansa, lokacin da fiyano ta fara ture ganga a waƙoƙin finafinai, sai ya koma yana gyara wa matasa murya a sitidiyoyin da ke titin gidan Zoo, har tsufa ya zaunar da shi a gida. Ba zan ambaci sunansa ba, domin bai nemi a yi masa talla ba. Baba nake ce masa, shi kuma Malam yake ce mini, wata rana don girmamawa, wata rana don zolaya.

Sai da na yi mako uku ina jan ƙafa kafin in je, kuma kunya ce ta riƙe ni. Mutanenmu suna ganin mai rubuta waƙa da mutunci, suna lissafa shi cikin malamai, amma da zarar sun ji ganga a gefensa sai su mayar da shi cikin maroƙa. Uwargidana ma da na gaya mata niyyata sai ta yi dariya ta ce, "To Malam, yaushe za mu fara raka ka gidan biki?" A ƙarshe dai tunawa da tafin nan na tausayi ya rinjayi kunyar, na sayi goro, na hau a daidaita sahu wata ranar Alhamis a cikin watan Agusta, ana yayyafi.

Na tarar da shi a zaure bisa tabarma, ga buta a gefe, ga wata tsohuwar rediyo mai cin kaset, ga kalangu rataye a bango. Bayan mun gaisa na miƙa goro, sai ya ce, "Bisimilla, Malam, a ji abin da ya kawo ka." Na gyara zama na kama waƙar, amma ban gama baiti na biyu ba ya ɗaga hannu. "Malam, da wa kake faɗa?" Na ce ba na faɗa da kowa. Ya ce, "To me ya sa kake kiran mutumin da ke ƙetaren kogi, alhali ga ni a gabanka? Numfashinka yana kafaɗa, muryarka ta maƙale a wuya, kunnenka kuma ka baro shi a gida." Daga nan ya ce in ninke takardar waƙar in sa a aljihu, kada in sake fito da ita sai ranar da ya nema. Da na tambayi abin da zan riƙa biya, ya ce shi ba tumatir yake sayarwa ba. Muka daidaita a kan in riƙa ajiye abin da ya sawwaƙa duk mako, kamar kuɗin Laraba na makarantar allo, kuma in riƙa zuwa Alhamis da Asabar daga bayan la'asar zuwa gab da magariba.

Makonni huɗu na farko ban rera komai ba, numfashi kawai aka koya mini, abin da nake tsammanin na iya tun ranar da aka haife ni. Baba yakan sa in kwanta rigingine a kan tabarma, ya ɗora mini wani littafi mai nauyi a kan cibiya, ya ce in ja iska ta hanci har littafin ya ɗaga ba tare da kafaɗuna sun motsa ba, sannan in sake ta a hankali ta tsakanin haƙora kamar ƙarar tayar da ƙusa ta huda. Shi kuma yana ƙirga da carbi. A ranar farko iskar ta ƙare mini a ƙwaya ta goma sha biyu, kuma ya ce ba zai saurari wata magana ba sai na kai talatin da uku. Bayan kwanciya sai zaune, bayan zaune sai tsaye, kuma a tsayen ne na gane cewa da zarar na ji tsoro ko na yi gaggawa sai in koma tsohuwar al'adata, in cika ƙirji in ɗage kafaɗu, iskar ta fice gaba ɗaya a kalmomi biyar na farko.

Daga baya abokin aikina mai koyar da bayoloji ya zana mini dalilin abin a allo. Akwai wata faffaɗar tsoka mai siffar ƙwarya a kife tsakanin ƙirji da ciki, wadda idan ta sauka huhu yake cika, ciki kuma ya turo gaba. A cikin maƙogwaro kuwa, bayan zakaran wuya, akwai wasu 'yan tantani guda biyu da iskar da ke fitowa daga huhu take kaɗawa, kuma a muryar namiji baligi sukan kaɗa wajen sau ɗari ko fiye a cikin sakan ɗaya ko da magana kawai yake yi. Gwargwadon yadda suka miƙe suka ƙara saurin kaɗawa, gwargwadon yadda murya take hawa. Idan iskar da ke zuwa musu ba ta da tsari, sai mutum ya riƙa matse wuya don ya cike giɓin, kuma wannan matsi shi ne ya kashe mini murya a baiti na goma sha biyu. Da na kai wa Baba wannan bayani ya saurara da kyau, sannan ya ce ubangidansa bai taɓa ganin zanen ba, amma yakan ce murya doki ce, ciki ne linzaminta.

Kowane zama yakan fara da abin da yake kira tayar da murya daga barci. Nakan rufe baki in yi gunji a hankali har in ji leɓuna da hancina suna ƙaiƙayi, sannan in riƙa kaɗa leɓe kamar yaron da ke kwaikwayon babur, ina hawa ina sauka. Jikokinsa sukan leƙo daga soro su yi ta ƙyalƙyala dariya, sun ga mutum da furfura a gemu yana tuƙa babur a zaune. Wannan kaɗa leɓen Baba ya ce a sitidiyo ya tsince shi wajen wasu mawaƙan coci na Sabon Gari, ya gwada ya ga yana aiki, ya riƙe.

Sai aka zo kan kunnen da na baro a gida. Nan ne ya sauko da kalangu daga bango. Kalangu ganga ce da ake matse igiyoyinta a hammata, idan aka matse sauti ya hau, idan aka saki ya sauka, shi ya sa take iya kwaikwayon magana. Baba yakan buga sau ɗaya ya ce in kama sautin da muryata. A jina ina kama shi daidai, amma shi sai ya girgiza kai ya ce, "Ka zo kujerar, amma a bakinta ka ɗosana." Na yi ta musu a zuciyata har ranar da ya ce in ɗauki zaman a wayata in saurara a gida. A daren nan na ji da kunnena cewa kusan kowane sauti ina tsayawa ƙasa da shi kaɗan, musamman a ƙarshen layi inda iska ta fara ƙarewa. Babu abin da ya ƙasƙantar da ni a duk karatun kamar sauraren muryata a waya, kuma babu abin da ya fi shi yi mini amfani, domin mutum yana jin muryarsa ta cikin ƙasusuwan kansa, ba yadda jama'a suke jin ta ba.

A cikin waɗannan makonni ya nemo mini abin da ya kira gidana. Ya ce in yi sallama kamar yadda zan yi wa maƙwabcina da safe, ba tare da wani ƙaƙale ba, sannan in ja gaɓar ƙarshe in riƙe ta. Ya nemo sautin a kalangu ya ce, "Nan ne gidanka, Malam. Daga nan za ka riƙa fita, nan za ka riƙa dawowa." Ya bayyana mini cewa laifina a ranar biki shi ne na fara waƙar daga inda ya kamata in ajiye don ƙololuwa, saboda haka da waƙar ta nemi hawa babu sauran matakala.

Daga Oktoba zuwa ƙarshen shekara amshi kawai na yi, kuma wannan ne ɓangaren da na fi raina shi da farko, na kuma fi jin daɗinsa daga baya. Baba yakan zama jagora, ya ƙirƙiri wani gajeren gindin waƙa nan take, wato layin da ake maimaitawa a amshi, ni da jikokinsa biyu mu riƙa amsawa, shi kuma yana ta kawo ɗiyan waƙa, wato baitocinta, yadda ya ga dama. Ina tsammanin babu abin da ya fi maimaita layi ɗaya sauƙi, sai ga shi ina shiga kafin lokaci, ko in makara, ko in fi yaran ƙara har in danne su. Yakan ce ɗan amshin da aka ji muryarsa ita kaɗai ya ɓata aiki, domin ana so mutum uku su zama bakin mutum ɗaya. Hakan kuwa ba ya yiwuwa sai ka rage sauraren kanka ka saurari na kusa da kai, ka ji lokacin da zai ja numfashi, ka ja tare da shi.

Idan mun gaji yakan kunna rediyonsa ya sa mu saurari manya, ba don nishaɗi ba, don nazari. Ya nuna mini cewa a wajen Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999, amshi gajere ne, ba ya canzawa, 'yan amshi suna maimaita shi yayin da jagora yake yawo inda ya so, kuma wahalar aikinsu ita ce su dawo da shi a karo na ɗari da sauti da nauyi irin na karon farko. A wajen makaɗan fada na ƙasar Sakkwato da Zamfara kuwa, irin su Ibrahim Narambaɗa, mawaƙin Sarkin Gobir na Isa, da Musa Ɗanƙwairo, abin ya sha bamban, domin jagora yakan fara ɗan waƙa ne kawai, sai 'yan amshi su karɓe daga bakinsa, su ƙara, su kai shi har gindi, ta yadda dole kowannensu ya haddace waƙar kamar shi ya yi ta. Na daɗe ina koyar da wannan bambanci a aji daga littafi, amma ban taɓa lura da abin da Baba ya nuna mini ba, wato a lokacin amshi ne jagora yake hutawa, ya haɗiye yawu, ya cika ciki da iska, ya shirya abin da zai faɗa gaba. Ni kuwa na tsaya a gaban jama'a da baiti talatin a jere babu wurin shan iska ko ɗaya. Ya ce ko ubangidansa da aka san shi da ƙarfin murya ba zai yarda ya yi haka ba.

A farkon Janairu na 2023 ya ce in fito da takardar. Na rera baiti na farko da na biyu lafiya, a na uku kuwa, inda na ce da wuya ake samun ilimi, sai na ga ya kama wuyansa da hannu biyu yana kallona. "Malam, ashe a nan ake samunsa? Da mun sani da ba mu sha bulala ba." Na ɗan yi jim kafin in gane. Kalmar wuya mai nufin wahala tana farawa da sautin ƙasa ta hau, wuya na jiki kuma tana farawa da sautin sama ta sauka, alhali a rubutun boko duk ɗaya suke. Karin da na ɗora wa waƙar yana saukowa ne daidai kan wannan kalma, saboda haka abin da bakina ya furta shi ne wuyan da ke ɗauke da kai. Ni da nake ba ɗalibai misalin kuka na hawaye da kuka ta miya don su gane karin sauti, ga shi na faɗa ramin da nake gargaɗinsu a kai.

Mun yi makonni a kan wannan batu. Hanyarsa ita ce in fara faɗin layi da magana, a hankali, kamar ina gaya wa yaro, shi kuma ya bi hawa da saukar maganar da kalangu, sannan mu miƙe wannan zanen ya zama rerawa. Ya ce Bahaushe ba ya ɗora wa kalma karin da ya ga dama, domin kalmar ta zo da nata, aikin mai rerawa shi ne ya faɗaɗa shi. Ya yarda cewa manyan mawaƙa sukan karya wannan ƙa'ida a inda ma'ana ba za ta rikice ba, musamman a ƙarshen layi, amma ya ce sai ka san inda katanga take kafin ka san inda za ka tsallaka. Haka kuma ya hana ni jan wasali gajere. Na kasance idan ina son ƙawata layi sai in ja duk gaɓar da ta zo mini, har na mayar da gari na mutane ya zama garin tuwo. Ya ce ja da lanƙwasa haƙƙin dogon wasali ne, gajere kuwa a taɓa shi a wuce.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne Baba bai san sunan kari ko ɗaya na aruli, wato ilimin auna waƙa, ba, amma da tafi kawai ya kama mini karaya a baiti na goma sha bakwai. Na yi ƙoƙarin kare kaina da cewa zihafi ne, wato ɗan canji a awon baiti, kuma masana sun halatta shi. Ya ce, "Ko me sunansa, Malam, ƙafa ce ta gurɗe, ga shi duk lokacin da ka zo wurin sai ka yi ɗingishi." Da na koma gida na sake yanka baitin na ga gaɓa mai nauyi ce na cusa inda mara nauyi ya kamata ta zauna, na daɗe kuma ina ɓoye ta da saurin baki. Na canza kalmar. A ƙarshe sai da na taɓa kusan rabin baitocin waƙar, wasu don karin sauti, wasu don a sami wurin numfashi, na zubar da tara waɗanda maimaici ne kawai, sannan bisa shawararsa na yi mata amshi na layi biyu. Ya kuma sa na bi takardar da jan biro ina sa alama a duk inda zan ja iska, domin a cewarsa numfashin da ba a shirya masa wuri ba shi yake zaɓar wa kansa wuri, kuma tsakiyar kalma yake zaɓa.

Kan furuci bai tsaya da yawa ba, sai dai ya matsa mini a kan ƙ da ɗ da ɓ da ts, waɗanda ya ce sukan narke a bakin mai rerawa idan ya mai da hankali ga daɗin murya, da kuma baƙin ƙarshen kalma da nake haɗiyewa.

A tsakiyar hunturun nan muryata ta dushe. Ina shiga aji biyar a rana, kowanne cike da yara, ga ƙurar alli ga hazo, sannan da yamma in zo in yi ta rerawa, da dare kuma in ƙara a gida saboda ɗoki. Baba ya haɗa ni da zuma da citta da kanumfari a ruwan ɗumi, ya hana ni ruwan sanyi da goro, ko da yake shi goron yana bakinsa lokacin da yake hanin. Da abin ya kai mako uku bai sake ni ba sai na je wajen likitan kunne da hanci da maƙogwaro. Ya duba ya ce kumburi ne na yawan aiki, ya umarce ni da in huta da magana gwargwadon iko, in yawaita shan ruwa, in riƙa shaƙar tururin ruwan zafi, in daina kakari da yawan gyaran murya, kada kuma in kwanta da zarar na ci abincin dare. Ya ƙara da abin da ban zata ba, cewa raɗa ba hutu ba ce, tana iya gajiyar da maƙogwaro, gara in yi magana a hankali da muryata ta ainihi. Game da zuma kuwa ya ce tana sanyaya maƙoshi, amma abin da aka haɗiya hanyarsa daban, ba ya bi ta kan tantanin murya. Da na isar wa Baba da wannan ya ce likita ya yi gaskiya, sai dai shi bai taɓa jin wanda zuma ta kwantar ba. Na bi su duka biyun. Kwana goma na yi ina zuwa zaure ba na buɗe baki, shi yana rera baitocina ina bin takarda da ido, kuma a wannan shirun ne na ji yadda waƙar tawa take idan ta sami mai iko da ita. Lokacin ya zo daidai da ƙarancin takardun kuɗi da aka sha saboda canjin naira, Baba kuma ba shi da asusun banki, saboda haka kuɗin Laraba ya koma kwanon shinkafa da sukari, ya ce ma hakan ya fi masa.

Da azumi ya kama a ƙarshen Maris, cikin tsananin zafi, sai muka mayar da zaman bayan asham, rabin awa kawai, domin ya ce maƙogwaron da ya wuni babu ruwa ba a sa shi dako. Bayan salla ya kai ni sitidiyon wani tsohon yaronsa don in saba da makirufo. A can aka sa mini abin sauraro a kunne, aka nuna mini in bar tazarar kamar taƙi ɗaya tsakanin bakina da makirufo, in ɗan ja baya idan zan ɗaga murya, in kuma bar na'ura ta yi aikin ƙara maimakon wuyana. Matashin ya nuna mini muryata a fuskar kwamfuta, ya nuna wuraren da na sauka ƙasa da sauti, sannan ya ja su da ɗan yatsa suka koma daidai. Na ji abin ya yi daɗi har na fara tunanin wahalar me nake sha. Baba, wanda ya yi shekaru a irin wannan ɗaki, bai kushe na'urar ba. Ya dai tambaye ni ko za a ɗauko ta a kai filin makaranta ranar biki.

Ragowar watannin na yi su ne ina koya wa ɗalibai goma sha biyu amshi, da irin hanyar da aka koya mini, har da tuƙa babur, wanda su bai ba su kunya ba ko kaɗan. A watan Yuli na 2023 aka sake bikin yaye ɗalibai, na tsaya da baiti ashirin da ɗaya. Kafin a kira ni na koma bayan aji na tayar da murya, na yi sallamar maƙwabci a hankali na nemo gidana, daga nan na fara. Murya ta kai ni har ƙarshe ba ta shaƙe ba. A baiti na goma sha huɗu idona ya sauka kan shugaban makaranta, na tsallake jar alama, iska ta ƙare mini kafin ƙarshen layi, na saci numfashi a tsakiyar kalma, amma amshin yara ya zo ya rufa mini asiri.

Baba bai halarta ba saboda ciwon gwiwa. Ranar Alhamis na kai masa abin da aka ɗauka a waya, ya saurara tun daga farko har ƙarshe idonsa a rufe, bai ce uffan ba. Da ta ƙare ya ce in mayar da ita baya, ya tsayar da ni daidai baiti na goma sha huɗu, ya ce, "Nan ka yi sata, Malam." Na amsa laifina. Ya ce yaran dai sun iya amshi, a gaishe su. Sannan ya miƙa hannu ya sauko da kalangu, ya ce shekara guda muna zaune a gida, yanzu za a fara koyon hawa, domin har yau ban taɓa kai waƙar inda take nema ba. Ya matse igiyoyin a hammata ya buga wani sauti da ban taɓa kaiwa ba, na cika ciki da iska na bi shi, ya girgiza kai ya sake bugawa.